Masaukin Da Ba Shi Da Waya

Jirgin ƙasan da muke ciki ya shiga tashar Kottayam wajen ƙarfe uku na rana, ni da mahaifiyata Rohini, dukanmu cikin baƙaƙen kaya, ƙafa ba takalmi, kowa da ƙunshinsa na ziyara a ka. Na samo mata gefen benci kusa da famfo na zaunar da ita.

"Amme, ki jira ni nan. Bari in leƙa masaukin Ouseph in ga ko akwai ɗaki."

"Ko akwai ɗaki?" Ta karkato min da kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Shekara talatin a gefen masaƙa ta cinye mata na hagun, na daman ma sai an ɗaga murya. "Ubanka ya kwana a gidan nan sau goma sha takwas. Ka ce masa kai ɗan Kunhiraman masaƙi ne. Ko a kan gadonsa ne zai kwantar da mu."

"To, Amme."

"Kuma kada ka tsaya a rumfar masu littattafai. Na san halinka."

Na yi dariya na tafi. Amma tun muna cikin jirgi na riga na yanke a raina cewa ƙafata ba za ta taka masaukin Ouseph ba.

Dalilina ya girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifiyata tana da shekara tara ta fara ɗaura sarƙar alwashi don ta hau dutsen Sabarimala, inda muke ziyarar abin bautarmu Ayyappan, tare da mahaifinta. Ta yi kwana arba'in da ɗaya tana wanka da ruwan sanyi safe da yamma, tana kwana a ƙasa, ba kifi ba nama. Ranar tafiya an ɗora mata ƙunshi a ka, suna bakin ƙofa, sai ga wani mutum a kan keke daga Thalassery ya zo faɗin cewa kakarta ta rasu. A wurinmu, da zarar labarin mutuwar ɗan'uwa na jini ya shiga kunnen mai alwashi, dauɗar mutuwa ta hau kansa, dole ya cire sarƙa, tafiya ta fasu. Tsofaffin garinmu suna cewa ba mutuwar ce ke kawo dauɗar ba, jin labarin ne. Wanda bai ji ba yana nan da tsarkinsa. Da shekara ta zagayo ta cika goma, mace kuwa daga goma ba ta hawa dutsen sai ta haura hamsin.

Shekara arba'in da biyu ta jira. Takan ba mu labarin tana dariya, tana kaɗa zare. "Da ma tayar keken nan ta yi faci, Pavi. Rabin sa'a kawai nake nema, da mun yi nisa." Mu yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta sunkuya kan zarenta ta yi shiru na tsawon lokaci. Ni wannan shirun nake ji, tun ina ƙarami.

Ita ta haɗa wa Achan, mahaifina, kayansa duk sau goma sha takwas ɗin. In ya dawo sai ya zauna a baranda ya ba ta hanyar tsaf: inda ake jefa dutse, inda hawa ke sa manya kuka, kogin da ake wanka a gindin tsauni, da masaukin Ouseph mai bishiyar mangwaro a baya. Ta haddace hanyar da ba ta taɓa takawa ba.

Shekara biyu kafin tafiyarmu ɓarin jikin Achan ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. A shekarar da ta cika hamsin da ɗaya likita ya duba gwiwoyinta ya ce in tana da wani dutse da za ta hau, to ta hau bana. Ta ɗaura sarƙa, ni ma na ɗaura don in raka ta. Saura kwana goma mu tashi zazzaɓi ya sauka a ƙirjin Achan. Likitan ya ce yana iya kai wata shida, yana iya kai jibi. Da ta ji haka ta kai hannu wuyanta za ta cire sarƙar. Achan ya yi ta dukan katakon gado da hannunsa mai lafiya, yana wani irin gurnani, bai daina ba sai da ta sauke hannunta. Ranar da aka cika mana ƙunshi, aka ɗura man shanu a cikin kwakwa aka toshe, sai aka kai masa jakar shinkafa gadonsa ya zuba nasa rabon kamar yadda 'yan gida ke yi. Da hagu ya ɗiba. Rabi ya zube a tabarma. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata ta tsince shi ƙwaya ƙwaya.

Kafin mu fita ta rubuta lambar wayar Ouseph a jikin kalanda, ta nuna wa gwaggona Kalyani, ƙanwar Achan, wadda za ta zauna da shi. Akwai waya a ofishin masaƙa, tsallaken titi. "Duk abin da ya taso ki kira can," in ji ta. "Can za mu kwana daren farko. Bayan nan daji ne, babu mai samunmu."

Dare ɗaya ke nan tsakaninta da dajin. Na ce a raina, wannan karon tayar keken za ta yi faci, kuma ni ne ƙusar.

Na tsaya a tsallaken titi na kalli masaukin. Gida ne mai ruwan ɗorawa, hawa biyu, mangwaron ya leƙo ta saman rufi kamar yadda Achan ya sha faɗa. Wani tsoho cikin farar singileti yana zaune a bakin ƙofa yana karanta jarida, baƙar waya a kan tebur kusa da gwiwar hannunsa. Tagogin sama a buɗe, babu ko tsumma a rataye. Na ɓata minti ashirin ina kewaya, na koma.

"Ya cika, Amme. Mutanen Andhra sun zo bas biyu, har a kan matakala suna kwance."

"Ka ga Ouseph ɗin?"

"Ba ya nan. Matarsa ta ce ya tafi coci."

"Ranar Talata?"

"Kiristocin Kottayam ne fa. Kullum suna coci."

"To tawul ɗin nasa?" Duk shekara Achan yakan kai masa tawul ɗaya saƙar hannunsa. Wanda ke cikin jakarta shi ne na ƙarshe da ya sauko daga masaƙarsa.

"Gobe da safe sai mu miƙa."

Ta yi ajiyar zuciya, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

Muna fita ƙofar tasha masu neman baƙi suka yanyame mu. Mai alwashi dai kowa Swami yake ce masa, mace kuma Malikappuram, ko da uwarka ce ko ɗan cikinka. "Swami, ɗaki mai fanka!" "Swami, nan kusa, taku goma!" Muka bi mai taku goman, muka yi taku ɗari uku a kan kwalta mai zafi. Masaukin yana saman gidan abinci. Mahaifiyata ta tsaya a gindin matakala ta shaƙi iska.

"Naman sa ake soyawa."

Mai gidan ya leƙo yana goge hannu. "Malikappuram, ai hanci ba ya karya alwashi."

"Naka hancin ya daɗe da mutuwa, shi ya sa. Mu je, Pavi."

Na biyun ta so shi tun daga ƙofa. An share tsakar gida, akwai famfon wanka na mata daban, kuma a kowane ɗaki an kafa katako a bango don ajiye ƙunshi kada ya taɓa ƙasa. Har ta fara hira da mai rubuta sunan baƙi. Ni kuwa idona yana kan teburinsa, inda wata waya ke zaune da ɗan ƙaramin kwaɗo a jikinta. Ouseph ya yi shekara talatin a layin nan. In ya rasa mu, abu na farko da zai yi shi ne ya bi masaukai ɗaya bayan ɗaya yana kira.

Na hau sama na duba ɗakin, na sauko ina sosa hannu. "Kuɗin cizo, Amme. Katifar cike take."

"Ƙarya ne!" in ji mai rubutun. "Jiya aka shanya ta."

"A ƙasa za mu kwana," in ji ta. "Ina ruwanmu da na katifa?"

"Suna saukowa."

"Swami ko ba Swami ba, yau sai na ja kunnen nan naka. Gidan sarki kake nemo min? Ƙafata fa wuta take ci."

Na ga yadda take ɗaga tafin ƙafa ɗaya ta ɗora a kan ɗayan, na ga yadda take cije leɓe duk lokacin da ta sauka daga dakali. Zuciyata ta yi min zafi. Amma na gaya wa kaina wahalar sa'a ɗaya ce a kan jiran shekara arba'in da biyu, kuma a lokacin na ɗauka babu ɗan da ya taɓa son uwarsa kamar yadda nake sonta a kan kwaltar nan.

Wani ɗan dako ne ya nuna mana gidan Thankamma, a bayan siton kaya, sai an tsallaka layin dogo. Ba masauki ba ne na sosai. Gwauruwa ce mai ɗakuna biyu a sama da take bai wa masu ziyara a lokacin hawa. Babu allo a ƙofa, babu littafin rubuta suna. Akwai rijiya a baya da ɗan shingen ganyen kwakwa.

"Kuna da waya?" na tambaye ta.

Ta riƙe ƙugu. "Waya? Swami, wutar lantarki ma sai ta ga dama take leƙo ni. Wa zai kira ni? Mijina? Shekara tara yana kwance a bayan coci, da ransa ma ba mai kira ba ne."

"Mun kama."

Mahaifiyata ta jawo hannun rigata. "Babu waya fa, Pavi. In Kalyani ta nema mu?"

Na riga na tanadi amsar. "Zan koma in gaya wa matar Ouseph inda muke. In an kira, sai su aiko."

"Je ka yanzu."

Na fita, na sayo ayaba, na zauna a kan wani tulin katakon layin dogo har inuwa ta matsa, na dawo na ce na faɗa.

Na same su a baranda sun zama kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Thankamma tana shafa mata mai a gwiwa, suna gulmar mazajensu, matacce da mai rai.

"Ranar da ya zo ganina," mahaifiyata ke cewa, "hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu. Daga wurin rini ya taho. Na miƙa masa shayi, ya ɓoye hannun a bayansa, ya rasa da me zai karɓa. Muka tsaya haka, ni da kofi, shi da kunya."

"Sai aka yi yaya?"

"Kawuna ya ce, yarinya, ko ki ba shi a baki ko ki ajiye, hannunki zai ƙone."

Thankamma ta kwashe da dariya har da dukan cinya. "Nawa kuwa bai ko kalle ni ba. Kajin gidanmu ya tsaya ƙirgawa."

"Shekara talatin da ɗaya," in ji mahaifiyata, murya ta yi ƙasa. "Bai taɓa ɗaga min murya ba. Yanzu da babu muryar, ita nake nema. Ko zagi ne in ji."

Da ƙarfe shida ta yi, ta ɗauki zanen wanka ta sauka rijiya. Thankamma ta shiga ɗakin girki tana daka. Ni na hau sama in kunna fitila a gaban ƙunshinmu, waɗanda muka ɗora a kan wani tsohon akwati. Tagar ɗakin tana kallon tasha. Tun zuwanmu lasifikar tashar ke magana, jirgi kaza ya makara, jirgi kaza yana layi na biyu, har kunnena ya daina kula ta. Ina riƙe da ashana na ji sunana.

"Rohini da Pavitran, masu ziyara daga Kannur, ku zo ofishin shugaban tasha. Ana nemanku da gaggawa."

Ashanar ta ƙone har yatsana ban ji ba. Aka maimaita. Aka sake maimaitawa.

Achan ya tafi. Haka na ce a raina, ban ko yi shakka ba. Mutumin da ya koya min karatu da guntun jaridar da ake naɗe zare, mutumin da ke ɗora ni a kafaɗa mu je kallon teku, ya tafi ina nan ina ɓoye a bayan siton kaya. Na dafa tagar na leƙa ƙasa. Kan mahaifiyata kawai nake hangowa a bayan shingen, tana jan guga, ƙarfen da igiyar ke bi yana kuka kamar ana yanka shi. Ba ta ɗago ba. Thankamma ba ta san sunayenmu ba.

Na ja tagar na rufe, na sa sakata.

Suna kawai na ji, na gaya wa kaina. Suna ba labari ba ne. Babu wanda ya ce min wani ya mutu. Ina da tsarkina, ita ma tana da nata. Wanda ya tafi ya tafi, ko mun koma yau ko mun koma bayan kwana huɗu ba zai tashi ba, kuma shi da kansa ya doki gado ya ce ta tafi. Na kunna fitilar, na durƙusa na fara kiran sunayen Ayyappan da ƙarfi, da ƙarfi sosai, don in an sake shelar muryata ta danne ta. Hawaye na zuba har cikin bakina.

Da ta hawo, gashinta a jiƙe, ta tsaya a ƙofa tana kallona.

"Kai da sai an tashe ka da ruwa kake addu'a," in ji ta. "Ashe dutsen ya fara kama ka tun daga nan." Ta shafa kaina ta durƙusa kusa da ni, muka ƙarasa tare.

Muna shan kunun shinkafa a baranda jirgin bakwai da rabi ya yi kuka ya tashi. Gidan duka ya yi rawa, cokali ya yi ƙara a kwano. Wannan ta ji shi, ko da ƙafa ne.

"Na gida ne wannan," in ji ta. "Huɗu da rabi na asuba yana Kannur. Ubanka yakan ce duk lokacin da ya ji tashinsa daga ɗakin Ouseph, sai ya ji kamar ya yar da komai ya bi shi da gudu." Ta yi murmushi. "Ƙarya yake yi don in ji daɗi."

Na ture kwanona gefe.

Washegari muka yi wanka tun da duhu-duhu, muka yi addu'a, Thankamma ta cika mana gora da ruwan zafi ta ce mu tuna da ita a sama, ko da ita ba ta addininmu ba ce. Wajen bakwai da rabi muna cikin jerin masu jiran bas ɗin Erumeli, inda tafiyar ƙasa ke farawa. Mahaifiyata ta tuna da tawul ɗin Ouseph. Na ce bas zai tafi ya bar mu, mu ba shi a dawowa. Ta yi ƙorafi amma ta yarda. Mutum tara ne a gabanmu. Na ƙirga su. Sai takwas. Sai shida.

Wani ya taɓa tawul ɗin da ke kafaɗata, nawa na kaina, wanda nake goge zufa da shi.

"Swami, wa ya saƙa wannan?"

Tsohon nan ne mai singileti. Yanzu ya sa riga, maɓallan a karkace, idanunsa jajaye kamar wanda bai runtsa ba. Yatsansa yana kan bakin tawul ɗin, layi biyu kore da jan zare ɗaya a tsakiya. Duk Kannur Achan kaɗai ke yin bakin tawul haka.

Kafin in buɗe baki fuskar mahaifiyata ta washe. "Kai ne Ouseph! Maigidana ne ya saƙa, Kunhiraman. Ga naka ma a jaka, jiya muka..."

"Malikappuram," ya katse ta a hankali, ya matso daidai kunnenta. "Ki fito daga layi. Kada ki tambaye ni komai tukuna. Ban faɗa ba, ba ki ji ba. Ki sauke ƙunshin nan a kan bencin can."

Na ga dariyar tana barin fuskarta kaɗan kaɗan. Ta bi shi.

Ashe ya sha yin wannan a shekarunsa na riƙon masauki. Ya je ya kamo hannun wani dattijo mai farin gemu, jagoran wasu masu ziyara daga ƙasar Tamil, ya yi masa magana a kunne. Dattijon ya zo ya shimfiɗa ƙyalle a kan bencin.

"Ku kwance ƙunshin," in ji Ouseph. "Ku fitar da kwakwar man da shinkafar. Har yanzu hannunku da tsarki. Shi zai kai muku sama."

Ƙullin nata ya ƙi kwantuwa. Na kai hannu in taimaka, ta ture ni ba tare da ta kalle ni ba. Ta fitar da kwakwar, ta fitar da jakar shinkafar da Achan ya zuba wa hannu, ta riƙe ta a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ta ɗora a kan ƙyallen. Na ɗora nawa. Dattijon ya tambayi sunayen da zai ambata.

"Kunhiraman," in ji ta. Ban taɓa jin ta kira sunansa a gaban baƙo sau biyu a rana ɗaya ba. "Shi kaɗai ya isa."

Sai da dattijon ya ƙulle kayan ya shiga bas, sai da bas ɗin ya juya kwana, sannan Ouseph ya zauna a ƙarshen bencin ya dafa gwiwoyinsa.

"Ƙarfe shida da rabi na safen nan ya cika," in ji shi.

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Na safen nan? Ba jiya ba?"

"Jiya da ransa. Ƙarfe biyar na yamma Kalyani ta fara kira. Ta ce bakinsa ya buɗe. Shekara biyu ba magana, sai ga shi ya ce Rohini, ras, har maƙwabta suka shigo. Yana ta tambaya ko ta dawo. Likita ya ce irin wannan buɗewar ba ta daɗewa, in za a zo a zo yanzu." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na sa aka yi shela a tasha. Na bi masaukan layin nan kaf, wani ya ce ya ga mai kama da ku amma kun tafi. Na yanki tikiti biyu na tsaya a bakin jirgin bakwai da rabi ina leƙa fuskar kowace mace mai baƙaƙen kaya, har ya tashi ya bar ni. Ta sake kira da tara. Ta ce ya ƙi barci, idonsa yana ƙofa."

Huɗu da rabi jirgin ke isa Kannur. Daga tasha zuwa gidanmu minti ashirin ne. Na yi lissafin ban so ba, ya yi kansa a cikin kaina, kuma har yau bai daina yin kansa ba.

"Me ya hana ku zuwa wurina?" Ouseph ya tambaya. "Ɗakin Kunhiraman na gefen mangwaro na ajiye muku tun da wasiƙarku ta zo."

"An ce mana ya cika," in ji mahaifiyata.

"Ya cika? Ɗaki huɗu ne a..." Ya kalle ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma bai ƙarasa ba.

Ita ma ta juyo ta kalle ni, kallo mai tsawo, irin wanda take yi wa zare in tana neman inda ya tsinke. Sannan ta buɗe jaka ta ciro tawul ɗin ta miƙa wa Ouseph da hannu biyu. Ya karɓa ya kifa fuskarsa a ciki, kafaɗunsa suna girgiza. Ta kai hannu wuyanta ta cire sarƙar da kanta, ta naɗe ta a gefen zaninta. Wannan karon babu mai dukan gado.

Muka hau jirgin ƙarfe tara. Ta zauna a bakin taga, ni ina fuskantarta. Har muka wuce Ernakulam ba ta yi kuka ba. Ƙafafunta suna kan ƙarfen ƙasa, tafin ya yi bororo saboda kwaltar da na sa ta taka. Na kasa jurewa. Na sauko na durƙusa a tsakanin kujeru, a gaban mutane, na kama ƙafafun, na kai bakina kusa da kunnenta na dama.

"Amme, ban je wurin Ouseph ba. Ban bar saƙo ba. Kuma na ji shelar. Kina rijiya aka kira sunanmu, na rufe taga. Na ɗauka ya riga ya tafi. Na so ki hau dutsen ne, Amme, abin da na so ke nan. Ki doke ni. Ki tsine min."

Ta daɗe tana kallon gonakin shinkafa suna wucewa. Wata mata a gefenmu ta kau da kai.

"Tashi," in ji ta. "Mutane suna kallo."

"Ba zan tashi ba."

Ta sauke ido a kaina. Sai a lokacin na ga sun cika.

"Ni ma na ji, Pavi."

"Amme..."

"A bakin rijiya ya fi fitowa. Na ji sunana, na ce bari in ƙarasa jan gugan nan. Da na ƙarasa na ja wani." Ta ɗora hannu a kaina, mai nauyi, mai ɗumi. "Rabi naka ne, rabi nawa. Kada ka ɗauka kai kaɗai, ba za ka iya ba. Tashi ka zauna."

Na tashi na zauna kusa da ita, na kifa kai a kafaɗarta na yi kuka kamar ɗan shekara biyar, kuma, Allah ya yafe min, na ji sauƙi. Na ji an ɗauke min rabin dutse daga ƙirji.

Da azahar jirgin ya tsaya a Shoranur. Taragonmu ya tsaya daidai gindin wani ginshiƙi, lasifika a jikinsa, bai fi kamu uku daga tagarmu ba. Lasifikar ta fashe da magana da ƙarfin da ya sa wani jariri a bayanmu ya tsala ihu, mai sayar da shayi ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa. Mahaifiyata ta ɗan yamutsa fuska, ta karkata kunnenta na dama wajen tagar, ta saurara har aka gama. Sannan ta juyo gare ni.

"Me suke cewa, Pavi?"

Na kalle ta. Ta jira amsa, idonta a kumbure, ba ta san abin da tambayarta ta tona ba: a gindin lasifika ma ba ta ji ba, balle a bakin rijiya.

"Sun ce jirgin zai tsaya minti goma, Amme."

"To," in ji ta. "Sayo min ruwa."